Harvey Penick: Malamin Golf Da Ɗan Jan Littafinsa

Na san da yawa daga cikinku za su yi mamakin ganin kalmar golf a saman wannan rubutu, domin a wurinmu wasa ne na masu hannu da shuni, wanda sai dai mu hango shi ta bayan shinge idan mun bi ta gefen filin Kaduna, ko na Kano, ko na Rayfield da ke Jos. Ni kaina ban taɓa riƙe sandar golf da niyyar wasa ba. Abin da ya ja ni ga wannan tarihi shi ne malanta, da kuma wani littafin rubutu mai jan bango da wani tsoho Ba'amurke ya shafe sama da shekara 60 yana cikawa.

A wurin 'yan gwanjon littattafai na fara cin karo da shi. Ɗan ƙaramin littafi ne, sunansa Harvey Penick's Little Red Book, wato ɗan jan littafin Harvey Penick. Na saye shi ne don arha, amma kafin in kai rabi sai na ga ina tuna mahaifina, Allah Ya jiƙansa, wanda ya yi shekara 35 yana koyarwa a firamare. Zan dawo kan wannan a ƙarshe. Bari mu fara da wasan kansa, domin wanda bai san shi ba ya iya bin labarin.

Wasan a taƙaice

Filin golf cikakke yana da rami 18. Ɗan wasa zai fara bugun 'yar ƙaramar ƙwallo daga nesa, ya yi ta bin ta yana bugawa har ta faɗa rami, sannan ya wuce na gaba. Wanda ya kammala da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Kowane rami yana kewaye da lallausar ciyawa da aka aske ƙwal, kuma a nan ba a ɗaga ƙwallo sama, gangara ta ake yi a hankali da wata sanda mai faffaɗan kai. Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna har 14 a jakarsa. Jakar tana da nauyi, don haka akwai mai ɗaukar ta, wanda ake kira kadi. Mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa biyu, wato sanda 14 da kadi, domin za mu sake haɗuwa da su.

Yaro mai ɗaukar jaka

An haifi Harvey Penick ranar 23 ga Oktoba, 1904, a birnin Austin, hedkwatar jihar Teksas ta Amurka. A lokacin kulob ɗin golf na garin, Austin Country Club, bai wuce shekara biyar da kafuwa ba, domin a 1899 aka buɗe shi. Yana ɗan shekara takwas ya fara ɗaukar wa manyan gari jaka a wannan kulob. Yana shekara 13 ya zama mataimakin ƙwararren da ke kula da wurin. A 1923, da gama sakandarensa, yana ɗan shekara 18, aka ɗora shi a kan kujerar babban ƙwararren kulob ɗin, kuma bai sauka ba sai a 1971, lokacin da ɗansa Tinsley ya gaje shi. Ko bayan nan ma bai bar koyarwa a wurin ba. Sau biyu kulob ɗin yana tashi daga mazauninsa ya koma wani sabo, kuma duk inda ya koma Penick na biye da shi. In an lissafa, daga ranar da ya fara ɗaukar jaka zuwa ranar da ya bar duniya, shekara 82 ke nan a gida guda.

A wancan zamani aikin ƙwararren kulob ba kwalliya ba ne. Shi ne mai gyaran sanduna, waɗanda ƙotarsu ta itace ce, shi ne mai kula da shago, shi ne mai sa ido a kan fili, sannan shi ne malami. Penick ya iya wasan sosai, ya kuma shiga gasa da manyan zamaninsa. Sai dai shi da kansa ya ba da labarin cewa ranar da ya tsaya ya ga yadda wani matashi mai suna Sam Snead ke bugun ƙwallo, a shekarun 1930, ya gane cewa rabonsa ba a fagen gasa yake ba. Snead ɗin nan shi ne daga baya ya ci gasa 82 a babban rukunin ƙwararrun Amurka. Hausawa na cewa kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Penick ya koma ga turminsa, wato koyarwa.

Daga 1931 zuwa 1963 ya haɗa aikin kulob da horar da 'yan wasan golf na Jami'ar Teksas, inda suka ci kofin jami'o'in yankinsu sama da sau 20. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Morris Williams ƙarami, wanda Penick ke sanyawa a sahun mafiya baiwa da ya taɓa gani, amma ya rasu a haɗarin jirgin saman soja a 1953 tun bai kai ko'ina ba. Akwai kuma Davis Love na biyu, wanda shi ma ya zama babban malamin golf, ya kuma rasu a haɗarin jirgin sama a 1988. Ɗansa zai shigo cikin labarinmu nan gaba.

Ya kamata in faɗi wani abu don kada tarihin ya zama rabi. Duniyar da Penick ya tashi a cikinta ta wariyar launin fata ce. Ƙungiyar ƙwararrun golf ta Amurka tana da doka a rubuce, daga 1934 har zuwa 1961, cewa farar fata kaɗai ke iya zama ɗan ƙungiya. Ƙofar da ta buɗe wa yaro Penick daga ɗaukar jaka zuwa kujerar malami a rufe take ga dubban yara baƙar fata da suka ɗauki irin wannan jaka a kudancin Amurka.

Yadda yake koyarwa

Duk waɗanda suka yi karatu a gabansa sun haɗu a kan abu guda: mutum ne mai ƙarancin magana. Yakan tsaya ya yi ta kallon ɗalibi yana bugu ba tare da ya ce uffan ba. Wani lokaci a yi masa tambaya ya ce sai ya yi tunani, amsar kuma ta zo bayan kwana ɗaya, cikin jimla guda. Dalilinsa shi ne kalma ɗaya da aka faɗa ba daidai ba tana iya lalata bugun mutum na tsawon watanni, don ɗalibi yakan ɗauki gyara kaɗan ya zarce da shi har ya zama sabuwar cuta.

Abu na farko da yake dubawa shi ne yadda hannu ya riƙe sanda, domin a ganinsa in riƙo ya ɓaci, duk abin da zai biyo baya faci ne. Ba ya son cika wa ɗalibi kunne da kada ka yi kaza, kada ka yi kaza. Ya fi son ya gaya masa abin da zai yi. Kuma maimakon kalmomin ilmin motsin jiki, yakan kawo misali daga abin da kowa ya sani: yadda mutum ke lilo da bokiti cike da ruwa ba tare da ya zubar ba, ko yadda ake sheme ciyawa da abin yankan ciyawa mai doguwar ƙota. Wanda ya taɓa riƙe lauje ya san cewa hannu ya fi baki sanin wannan motsi. Ya dage kuma a kan cewa mafi yawan lokacin atisaye a kashe shi kusa da rami, wurin gajerun bugu, domin a nan ake ci, a nan ake faɗuwa. Sannan idan lokacin bugu ya yi, ɗan wasa ya zaɓi takamaiman wuri guda ya auna shi, ya cire komai daga ransa.

Ɗalibansa mata

Wani abin da ya bambanta shi da malaman zamaninsa shi ne yadda ya ɗauki mata da muhimmanci tun lokacin da gasarsu ba ta da kuɗi, ba ta da 'yan kallo. Betsy Rawls ta zo wurinsa tana ɗalibar kimiyyar lissafi da fiziks a Jami'ar Teksas. Ta ci babbar gasar mata ta Amurka sau huɗu, a 1951 da 1953 da 1957 da 1960, ta kuma tara nasara 55 a rukunin ƙwararru mata. Kathy Whitworth kuwa 'yar wani ƙaramin gari ce mai suna Jal a jihar New Mexico. Malaminta na gida, da ya ga ta kai inda ilminsa ya tsaya, sai ya tura ta Austin, mahaifiyarta ta riƙa kai ta a mota, tafiyar kusan mil 400. Wannan yarinya ita ce ta ci gasa 88, adadin da ya zarce na Sam Snead ɗin da ya sa Penick ya haƙura da gasa. Mickey Wright, mai nasara 82, ita ma ta ɗebi ilmi a wurinsa, haka nan Sandra Palmer da ta ci babbar gasar mata a 1975.

Ni a nan malamin Jal ɗin ma ya burge ni. Ba kowane malami ne zai ce wa ɗalibinsa, na ƙure, tafi wurin wane ba.

Yara biyu, hanya biyu

Sunayen da aka fi dangantawa da Penick su ne Tom Kite, haihuwar 1949, da Ben Crenshaw, haihuwar 1952. A fili ɗaya suka tashi, a hannun malami ɗaya, amma halinsu ya sha bamban. Kite mutum ne mai naci da lissafi, mai son ya san dalilin kowane motsi, mai wuni a wurin atisaye. Crenshaw kuwa baiwa ce zalla, hannunsa ya san abin da zai yi tun kafin a gaya masa, musamman wurin gangara ƙwallo zuwa rami. Penick ya kafa musu ƙa'ida: ɗaya ba zai tsaya ya kalli darasin ɗaya ba. Tsoronsa shi ne maganin da ya dace da Kite ya zama guba ga Crenshaw. Shi Kite yakan bar shi ya yi ta atisaye, shi kuma Crenshaw ya tura shi fili ya je ya yi wasa.

Sakamakon abin mamaki ne. A 1972 su biyun suka yi kunnen doki a gasar ɗaliban jami'o'in Amurka, aka raba musu kambun. Kowannensu ya ci gasa 19 a babban rukunin ƙwararru. Kowannensu ya jagoranci tawagar Amurka a karawar da take yi da Turai, Kite a 1997, Crenshaw a 1999. Crenshaw ya ci gasar Masters a 1984, Kite kuma ya ci gasar US Open a 1992, a filin Pebble Beach da ke gaɓar teku a Kalifoniya, cikin iska mai tsanani, yana ɗan shekara 42, bayan mutane sun fara cewa ba zai taɓa cin babbar gasa ba.

Ɗan jan littafi

Duk tsawon shekarun nan, idan Penick ya koma gida yakan buɗe wani littafin rubutu mai jan bango ya rubuta abin da ya gani a ranar: wace kalma ce ta yi aiki, wacce ce ba ta yi ba, wane irin ɗalibi ne ya gane wane misali. Ba ya nuna wa kowa sai ɗansa Tinsley, kuma niyyarsa ita ce ya bar masa shi gado. An sha roƙonsa ya bari a buga, yana ƙi.

Sai da tsufa ya kama shi, ciwon baya da na gaɓoɓi suka ɗaure shi, kunne ya yi nauyi, har ya zamana daga cikin 'yar motar fili yake koyarwa, sannan ya sake tunani. Ya ga cewa ɓoye abin da aka ba shi rowa ce. A 1991 ya kira wani marubuci mazaunin Austin mai suna Bud Shrake, wanda ya yi aiki da mujallar Sports Illustrated, ya kuma rubuta littattafan ƙagaggun labarai, ya buɗe jakarsa ya miƙa masa littafin. Akwai wani labari mai ban dariya da ake bayarwa: da Shrake ya aiko da saƙon kuɗin da kamfanin ɗab'i na Simon & Schuster ya ambata, sai tsohon ya damu, ya ce bai san ko shi da matarsa Helen za su iya haɗa wannan kuɗi ba. A zatonsa shi zai biya a buga masa. Marubutanmu na Kano da suka saba kai kuɗinsu maɗaba'a da kansu za su fahimci wannan zato fiye da kowa.

Littafin ya fito a 1992, marubucinsa na da shekara 87. 'Yan makonni bayan fitowarsa Kite ya ci US Open, sunan malaminsa ya cika jaridu. An sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya, ya zama ɗaya daga cikin littattafan wasanni da aka fi saye a tarihi. Wasu littattafan sun biyo baya daga hannun su biyun. Mutumin da ya yi shekara 70 yana koyarwa a gari guda, sai ga wasiƙu suna zuwar masa daga ƙasashen da bai taɓa takawa ba.

Makon ƙarshe

A ƙarshen watan Maris na 1995 Crenshaw ya je gaishe shi, ya same shi kwance ba ya iya tashi. A lokacin wasan Crenshaw ya lalace, har gangara ƙwallon da aka san shi da ita ta guje masa. Tsohon ya sa aka ɗauko wata tsohuwar sanda mai ƙotar itace, ya ce ya gwada a kan dardumar ɗaki yana kallo daga gado. Ya yi masa ɗan gyara kan kada kan sanda ya riga hannuwansa wucewa, ya kuma ce ya yarda da kansa. Wannan ne darasinsu na ƙarshe.

Ranar Lahadi 2 ga Afrilu, 1995, Harvey Penick ya rasu yana da shekara 90. A wannan ranar ce Davis Love na uku, ɗan tsohon ɗalibinsa, ya ci gasa a New Orleans, nasarar da ta ba shi gurbin shiga Masters da za a fara ranar Alhamis a Augusta, jihar Jojiya. Ranar Laraba Crenshaw da Kite suka tashi daga Augusta zuwa Austin, suka ɗauki akwatin gawar malaminsu, suka koma a ranar.

A nan kadi ya sake shigowa. Mai ɗaukar wa Crenshaw jaka a Augusta tun 1976 shi ne Carl Jackson, baƙar fata ɗan garin, wanda ya fara aiki a gasar Masters a 1961 yana ɗan shekara 14. Har zuwa 1982 dokar wurin ita ce dole ɗan wasa ya ɗauki kadin kulob, waɗanda dukkansu baƙaƙe ne. Da aka ɗage dokar, mafi yawan 'yan wasa suka zo da nasu, amma Crenshaw ya riƙe Jackson. A farkon wannan mako, wurin atisaye, Jackson ne ya lura da abin da ya ɓaci, ya ce masa ya ɗan ja ƙwallon baya tsakanin ƙafafunsa, ya kuma ƙara juya kafaɗa. Gajeren gyara, irin na Penick, daga bakin wanda shi ma a ƙarƙashin jaka ya yi karatunsa.

Ranar Lahadi 9 ga Afrilu, mako guda cif da rasuwar, Crenshaw mai shekara 43 ya kammala rami 72 da bugu 274. Wanda ya zo na biyu, da bambancin bugu ɗaya tak, shi ne Davis Love na uku. Da ƙwallon ƙarshe ta faɗa rami, Crenshaw ya sunkuya ya rufe fuska da hannuwa yana kuka, Jackson ya zo ya dafa shi. Daga baya ya gaya wa 'yan jarida cewa a wannan mako da sanda ta 15 ya yi wasa, kuma sunanta Harvey Penick. A 2002 aka shigar da sunan Penick zauren tunawa da gwarzayen golf na duniya.

Abin da ya tsaya mini a rai

Koyar da golf ya sauya ƙwarai tun bayan rasuwarsa. Akwai kyamarori masu rage gudun hoto, akwai na'urori irin su TrackMan masu auna gudun sanda da juyawar ƙwallo, kuma sun gyara wasu abubuwan da tsofaffin malamai suka ɗauka gaskiya ne game da tafiyar ƙwallo a sama. Wasu na ganin littafin Penick hira ce ta tsofaffi. Amma na'ura za ta gaya maka abin da sanda ta yi, ba za ta gaya maka cewa wannan yaron Kite ne, wancan kuma Crenshaw ba. Wannan sai malami.

Na ce zan dawo kan mahaifina. Shi ma yana da irin wannan littafi, ba ɗaya ba ma, wajen goma, irin masu layi da ake ba 'yan makaranta. A ciki yake rubuta dabarun da ya gano na koya wa yaro karatu, da yadda ake gane wanda kunya ke hana shi magana da wanda bai gane ba. Muna ganinsa yana rubutu bayan sallar isha'i, ba wanda ya taɓa tambayarsa a cikinmu, har da ni da nake kiran kaina marubuci. Bayan rasuwarsa da shekara biyu muka buɗe akwatin, muka tarar gara ta riga mu. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba.

Da Penick ya rasu a 1990, da tarihinsa ya tsaya a bakin 'yan ɗalibansa. Shekara huɗu na ƙarshen rayuwarsa, da marubuci guda da ya amsa kira, su suka fitar da ilmin daga jaka. A unguwanninmu akwai irinsa da yawa: malamin allo, maƙeri, ungozoma, mai horar da 'yan dambe, magini, har da tsofaffin masu ɗaukar jaka a filayen golf ɗin da muke hangowa ta bayan shinge. Mafi yawansu ba za su kira mu ba, domin ba su ɗauka abin da suka sani ya kai a rubuta ba. Mu ne za mu je. Ina roƙon duk mai alƙalami da ke karanta wannan shafi ya duba gidansu tukuna, ya je da takarda ko na'urar ɗaukar magana tun tsohon na iya zama.

Allah Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu, Ya sa mu amfana da abin da suka bari. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya yarda.